Mace Ba Ta Hawan Rufewa

A Gwandu aka haife ni, amma rabin ƙuruciyata a ruga na yi shi, can bayan Maruda, wurin dangin uwata. Ubana manomi ne ɗan cikin gari, uwata Bafillatana. A ruga kuwa ɗaki aikin mace ne. Ita ke saro itace, ita ke lanƙwasa shi, ita ke jera ciyawa ta ɗaure, namiji iyakarsa ya sunkuya ya shiga ya kwanta. Tun ban isa ɗaukar ƙwaryar nono ba na iya murza igiya a cinya, na kuma san ɗaurin da iska ba ta kwancewa. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, don babu yarinyar da ba ta iya ba a can.

Sai da aure ya kai ni Kalgo na gane abin da ba komai ba ne a gidanku, a wani gidan abin kallo ne. Cikin shekarun hamsin ɗin nan ne, Turawa ba su tafi ba tukuna, rufin kwano kuwa sai dai mu ji labarinsa a bakin masu zuwa Birnin Kebbi. Mutanen gidan mijina manoma ne da damina, masunta da rani. Ni da na tashi cikin ƙamshin man shanu, sai ga ni a gidan da ko tabarma ka shinshina kifi za ka ji. Bazarata ta farko a wurin na dubi ɗaurin jinkar ɗakina na ga bai yi mini ba, na kwance na sake shi da hannuna. Matan unguwa suka taru suna dariya, wai an kawo musu amarya mai baibaya. Ko a jikina. Na ce su yi ta yi, ni ce zan kwana a ciki.

A tsakiyar gidan akwai rufewa, babban rumbun ƙasa mai ƙaton ciki, zaune a kan duwatsu, tsayinta ya kusa na mutum biyu. Baki ɗaya gare ta, can a sama, ana kifa masa wata 'yar jinka da mutanen gidan ke kira hula. Abincinmu na damina yana ciki, a kansa kuma damman iri, zangarniyar geron da surukina ya zaɓa da hannunsa tun kaka. Damanar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Kowa a unguwar abin da ya ajiye daidai gonarsa ne, ba mai irin da zai ba wani. In ruwa ya shiga bakin nan iri ya lalace, to, bana ba mu da abin shukawa.

Dokar gidan kuwa, wadda aka gaya mini tun lalle bai goge a hannuna ba, ita ce mace ba ta hawan rufewa, ba ta leƙa cikinta. Wai albarka takan gudu. Ko namiji, in ba ɗan gida ba ne, ba ya leƙawa, don kada ya san abin da ya rage muku. Maigida ke jingina tsani ya hau ya jefo dami, mu mata mu tara mu sussuka. Na taɓa tambayar mijina ina albarkar take zuwa in ta gudu, ya ce in bar neman magana. Na bari, ba don na gamsu ba.

Surukina dogon tsoho ne mai faɗin ƙirji, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a ruwa. Ni da shi ba ma magana kai tsaye. Ga kunyar surukuta, ga fulakon da na sha a nono. In ina da magana sai in gaya wa uwar mijina, wadda nake kira Inna, ko da kuwa yana zaune a wurin yana ji, shi ma ya mayar mini ta bakinta. Inna gajeruwar mace ce mai sanyin hali, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma tsoron karya doka ya yi mata yawa. Bazarar da nake ba da labari kurkunu ya kama tsohon a ƙafar dama, ta kumbura suntum, daga ɗaki zuwa inuwar zaure sai da sanda.

Mijina ya yi wa rufewa sabuwar hula, ya hau ya kifa ta, igiya ta ƙare masa bai ɗaure ba. Na ce ya dakata in murza masa wata, ya ce ruwa da saura, in ya dawo ya ɗaure. Washegari shi da ƙanensa suka ɗora wa jakuna bandar kifi suka nufi Gwandu, su sayar su kuma gaida iyayena. Tafiyar ba ta yini ɗaya ba ce. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma yana cikin mutanen nan masu fafe gora ranar tafiya.

Ranar da abin ya faru mazan gari duk sun tafi su, wato kamun kifi na gayya, a wani tafki mai nisa cikin fadama, yaran da suka tasa sun bi su. Gari ya rage daga mata sai tsofaffi sai 'yan goye. Tun hantsi jikina bai yarda da garin ba. Zafi ya yi nauyi, ganye ko motsi ba ya yi, tururuwa sun fito daga gindin katanga suna kwasar ƙwai, awaki sun ƙi kwanciya. Shamuwa kuwa ta kwana biyu da dawowa kan tsamiya. Bayan azahar na zaga bayan gida na dubi gabas, na ga gindin sama ya yi ja, samansa baƙi ƙirin. A ruga in aka ga wannan jan ba a tsayawa gardama, shanu ake tarowa. Iska ce ke tafe a gaba, ruwa na bin ta.

Na iske Inna tana kaɗi a inuwa, tsohon yana kishingiɗe a kan buzu kusa da ita, ƙafar a miƙe.

"Inna," na ce, "hadarin ga ba na wasa ba na. Ki hwaɗa ma Baba hular ruhewa ba a ɗaure ta ba."

Ta juya ta maimaita masa, kai ka ce ba da kunnensa ya ji ba. Bai ko ɗaga kai ba.

"Ce mata hadari ba ruwa ba na. Na ga irinai sun hi a ƙilga. Abin da babba yah hango, yaro ko ya hau rimi ba shi hango shi."

Raina ya tafasa. Ni ba rimi na roƙa ba. Ana cikin haka sai wata 'yar iska mai sanyi ta ratso gidan ta kwashe audugar Inna ta watsar. Duk muka ɗaga kai. Hular rufewa ta ɗaga gefe guda, ta koma ta zauna. Tsohon ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya ce a kawo tsani.

Tsanin wani gungumen itace ne mai baki biyu da aka sassara masa matakai. Ni da Inna muka ciccibo shi muka jingina. Ya ajiye sanda, ya kama, ya ɗora ƙafar hagu a matakin farko. Da ya zo ɗaga ta daman sai na ga jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Ya huta, ya sake gwadawa. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa dirshan. Wannan fa mutumin da ake ba da labarin ya taɓa fito da giwan ruwa shi kaɗai ne. Na kau da kai don kada ya ga na gani. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har fushin ya tafi.

"Inna, ki ce mishi in hau. Yanzu-yanzu in ɗaure in sauko."

Inna ta dafe ƙirji, ta ƙi kai saƙon. Shi ya amsa da kansa, yana kallon matarsa.

"Tun da ubana yag gina ruhewag ga, mace ba ta hau ta ba. Ba ga kaina za a hwara ba."

Tsofaffin da suka rage a unguwar kuwa babu wanda ya fi shi ƙafa, balle a ce a kira wani. Na tsaya ina duban rufewa, ina duban gabas. Jan nan ya taso ya kai rabin sama. Sai dabara ta faɗo mini, har na kusa yin dariya.

"Inna, hawa anka hana ko jihwa?"

"Jihwa kamar ƙaƙa?"

"Ki tambai Baba. In na tsaya nan ƙasa na jehwa igiya ta ƙetare, na hau?"

Inna ta dube shi. Ya shafa gemu, ya sake shafawa. Na ga bakinsa yana so ya yi murmushi yana hana shi.

"Ce mata ba ta hau ba."

Abin da nake jira ke nan. Sai dai gidan babu igiyar kirki, jakuna sun tafi da nasu. Na kwance ta guga, na kwance ta awaki na kora su zaure, na haɗa, na ga ba za su isa ba. Na dubi jinkar ɗakina. Igiyar da ke kanta ta rama ce da na murza da hannuna, ba ta da ta biyu a unguwar, na kuwa san abin da zai biyo baya in na cire ta. Amma ɗaki ana sake shi ko da damina, iri ba a sake shi. Na taka turmi na warware ta tsaf.

Na ɗaura dutse a bakin igiya, na ja da baya, na wulwula na saki. Jifan farko ya bi ta gefe ya sauka a kan tulun Inna, ya fasa shi, ruwa ya malale. Na biyu ya fi muni, don hular ya buga ya karkatar da ita, ga bakin rufewa a buɗe ana gani. Inna ta kama salati. Ni ban tsorata ba, na san hannu ne bai saba da tsayin ba, bukkokinmu na ruga ba su kai rabin wannan ba. Tsohon ya nuna doguwar gorar da suke tuƙa jirgi da ita, muka ɗauko muka tura hular ta koma mazauninta. Jifa na uku ya ƙetare ta tsakiya, dutsen ya faɗa ɗaya gefen.

"Ce mata igiya tsirara ba ta riƙe ciyawa," in ji tsohon. "Iska na zare ta ɗai-ɗai ta bar igiyar. Ku ɗauko tsohon taru cikin zaure."

Taru ita ce babbar ragar da suke jan kifi da ita. Gaskiyarsa ce kuwa, mu a ruga ba mu da raga, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Muka jawo wani tsohon yanki mai warin kifi, na ƙulla shi a igiyar, Inna ta zaga tana ja daga can, ni ina tallafa mata da gora daga nan, har ragar ta hau ta lulluɓe hular da kafaɗun rufewa. Na sake jefa igiya ta biyu ta gicciye ta farko. Wannan karon jifa ɗaya na yi.

Sai ya ce a kafa turaku a ɗaure bakunan igiya. Nan kam na ƙi.

"Inna, ce mishi ƙasa in ta jiƙe tana sakin turke. Mu nauyi mu ka ratayawa."

Haka uwata ta koya mini. Turke yana da ƙarfi muddin ƙasa ta bushe, ruwa na jiƙa ta iska za ta tuge shi. Amma abu mai nauyi in yana rataye, ko igiya ta saki ko ta tsuke, kullum jan ta yake ƙasa. Tsohon bai ce i ba, bai ce a'a ba, ni kuwa na ɗauki shirun nan izini. Muka mirgino babban turmi, na ɗaure shi a ƙugu, muka ɗaga shi ya rabu da ƙasa kaɗan na ƙulle. Muka yi wa ƙaramin turmi haka, sa'an nan dutsen niƙa. Inna tana aiki tana mita, wai yau ta ga abin da ya ishe ta, turmin da ta gada wurin uwarta yana reto.

Bakin igiya guda ya rage, na gabas, inda iska za ta fara duka, gidan kuma babu sauran abu mai nauyi. Gari ya riga ya yi ja, kaji suna gudu suna neman maɓoya, daga maƙwabta ana jin mata suna kiran 'ya'yansu. Ina waige-waige sai na ga tsohon ya ja jiki ya zauna a gindin rufewa, ya naɗa igiyar a ƙugunsa ya ƙulle da ɗaurin masunta.

"Ƙahwa ta ƙi," in ji shi, "amma nauyi shina nan."

Inna ta roƙe shi don Allah da Annabi ya shiga ɗaki. Ya ce ita ta shiga ta ja ƙofa.

Iskar ta iso da ƙura da tsakuwa. Darnin gidanmu ya kwanta gaba ɗaya, zanan maƙwabta suka tashi sama, ƙorai suna gangarawa a tsakar gida ba mai bin su. Na ga igiyar tana fizgar tsohon, yana tafiya yana dawowa. Ban san lokacin da na durƙusa kusa da shi na kama igiyar sama da hannunsa ba. Mu da ko inuwa ɗaya ba ma zama, ga mu kafaɗa da kafaɗa. Hular takan ɗaga sai taru ya danne ta, turame suna lilo, amma ba wanda ya saki. Can sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, da iskar da komai. Cikin haka na ji wata ƙara a bayana, na waiga. Jinkar ɗakina ce ta ɗaga, ta yi juyi guda a sama, ta haura gidan maƙwabta ta tafi abinta.

"Ɗiyata," in ji tsohon, "ɗakinki ya tahi."

Tun da aka kawo ni gidan, wannan ce maganar farko da ya yi mini ba ta bakin kowa ba.

"Na gani, Baba. Riƙe igiya."

Ya tuntsure da dariya, ruwa na shiga masa baki yana tofarwa. Ni ma na kama. Da wani ya leƙo ya gan mu zaune cikin taɓo muna dariya, ɗaki ba rufi, da ya ce mun zautu.

Kafin magariba iska ta kwanta, ruwa ya ci gaba a hankali. Muka kwance tsohon muka kai shi ɗaki, Inna ta hura masa wuta. Kayan ɗakina, tabarmi da ƙorai da zannuwan aurena, duk sun sha ruwa, na kwashe abin da ya kwasu na kwana wurin Inna. Hular tana nan a kan rufewa. Amma hula a waje take, abin da ke ciki babu wanda ya sani, don ruwan nan a kwance ya riƙa zuwa, ko ta ƙofar allura yana iya shiga.

Da gari ya waye ƙasa ta sha ta ƙoshi, ruwan shuka sosai. Mazan da suka je su sun dawo, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona, wanda jinkarsa ta tashi ma bai tsaya nemanta ba. Shuka ba ta jira, in laima ta wuce sai kuma wani ruwan, wanda ba a san ranar zuwansa ba. Mijina yana can Gwandu. Irinmu yana cikin rufewa, ko busasshe ko jiƙaƙƙe. Tsohon ya fito ya zauna a bakin ɗakinsa, ya dubi ƙafarsa da ta ƙara kumbura, ya dubi tsanin da ke yashe cikin taɓo. Ni ina shanyar zannuwa, na yi kamar ban san yana yi ba. Ya daɗe a haka. Daga nan ya jawo sanda ya miƙe da ƙyar, ya yi wa Inna magana da ƙarfi yadda zan ji.

"Za ni gona in ga inda ruwa yak kai. Ƙahwag ga ba ta sauri, ina daɗewa. In na komo na iske iri cikin ƙwarya, ni ba mai yawan tambaya ba na."

Ya fita yana ɗingishi, bai waiga ba.

Ni da Inna muka dubi juna. Muka sauke turame, muka sassauta igiyoyi, muka jingina tsani. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta juya fuskarta gefe tana ta addu'a a ciki-ciki. Na tamke zani na hau. Daga sama na ga garin da ban taɓa gani ba, ɗakuna da dama ba rufi, fadama tana ƙyalli, jinkata kuwa ga ta can a kife cikin garkar wani, awaki na cin gefenta. Na janye taru, na ɗaga hular. Wani ɗumi ya bugi fuskata, da ƙamshin gero. Na tura hannu har kafaɗa, na shafa damin farko, na cusa yatsu cikin na ƙarƙashinsa, na bi gefen bango ina lalube. Ko'ina a bushe ƙamas. Ni da ban yi kuka ba da ɗakina ya tafi, sai ga hawaye. Daɗi ne ya yi mini yawa.

Na jefo damman iri, na mayar da hula, na sauko. Inna ta durƙusa ta murza zangarniya a tafin hannunta, ta sa ƙwaya guda a baki ta ciza, ta yi hamdala. Na ɗauka turmi za ta ce in kwanto mu fara sussuka. Sai na ga ta tsaya tana kallon bakin rufewa. Ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Ƙaƙa cikinta shike?"

Tun tana amarya take ci daga rufewar nan. Ta haifi 'ya'yanta, ta aurar da su, ta sussuke abin da ya fito daga ciki har hannunta ya yi kanta, ba ta taɓa ganin cikinta ba.

"Hau ki gani, Inna. Ni in riƙe miki."

Ta dubi ƙofar gida, ta saurara, ba ta ji motsin sanda ba. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce in riƙe da kyau.